Yagewar Tsoka ga 'Yan Wasa: Alamomi, Magani da Rigakafi

Yagewar tsoka rauni ne da ke faruwa idan aka ja tsoka fiye da ƙima, ko ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta farat ɗaya, har wasu daga cikin zaruruwanta suka tsinke. Tana cikin raunukan da suka fi addabar 'yan ƙwallon ƙafa, 'yan tsere, 'yan kokawa da dambe, da masu ɗaga ƙarfe. Ba ƙwararrun 'yan wasa kaɗai take samu ba. Matashin da ke buga ƙwallon unguwa da yamma, da magidancin da ba ya fita motsa jiki sai ranar Asabar, duk tana iya samun su.

Galibi tana warkewa ba tare da tiyata ba. Inda matsalar take shi ne, zafin yakan lafa tun kafin tsokar ta gama haɗewa. Sai mutum ya ɗauka ya warke, ya koma fili, ta sake yagewa a wurin da ta yage da farko, kuma ta biyun takan fi ta farko daɗewa. Saboda haka abubuwa biyu ne suka fi muhimmanci a wannan rauni: abin da aka yi a kwana ukun farko, da kuma lokacin da aka koma wasa.

Yadda tsoka take, da yadda take yagewa

Tsoka tarin zaruruwa ce sirara da aka ɗaure dami-dami kamar igiyar rama. Kowane ƙarshe nata yana rikiɗewa ya zama farar jijiya mai tauri wadda ke manne da ƙashi, irin wadda ake gani a naman ƙafar saniya. Idan tsoka ta takure sai ta ja wannan jijiya, jijiyar ta ja ƙashi, gaɓa ta motsa. Mafi yawan yagewa na faruwa ne a mahaɗar tsoka da jijiyarta.

Lokacin da tsoka ta fi shiga haɗari shi ne sa'ad da take ƙoƙarin takurewa alhali ana miƙe ta. Misali, idan mutum ya sheƙa da gudu, ƙafarsa na wullawa gaba da ƙarfi, tsokokin bayan cinya ne ke taka mata birki kafin ta sauka ƙasa. A wannan ɗan taƙin suna a miƙe, kuma suna aiki da iyakar ƙarfinsu. Nan ne suka fi yagewa. Haka abin yake ga tsokar gaban cinya idan aka ɗaga ƙafa baya za a zabga ƙwallo, da tsokar matsematsi idan aka juya ba zato ko aka talle ƙafa don tare ƙwallo.

Tsokokin da suka fi yagewa

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta fara tattara bayanan raunukan 'yan wasan manyan ƙungiyoyi tun shekarar 2001, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Jan Ekstrand na ƙasar Suwidin. Sakamakon da shi da abokan aikinsa suka fitar a 2011 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan raunukan 'yan ƙwallo na tsoka ne, kuma ƙungiya mai 'yan wasa 25 tana iya samun irin wannan rauni kusan sau 15 a kakar wasa guda. Wurare huɗu ne suka kwashe kusan duka:

- Tsokokin bayan cinya: kashi 37 cikin 100
- Tsokokin matsematsi, wato na cikin cinya: kashi 23
- Tsokokin gaban cinya: kashi 19
- Sharaɓa, wato tsokar bayan ƙwauri: kashi 13

Masu kokawa, dambe da ɗaga ƙarfe kuma sukan samu a kafaɗa, ƙirji, damtse da gadon baya.

Ƙwarewa ba ta hana wannan rauni. A gasar guje-guje ta duniya da aka yi a Landan a 2017, Usain Bolt na Jamaika ya yage tsokar bayan cinyarsa ta hagu a tseren miƙa sanda, wanda shi ne tserensa na ƙarshe, bai kai ƙarshen layi da gudu ba. Kafin shi, a gasar Olamfik ta 1992 a Basalona, irin haka ta sami Derek Redmond na Birtaniya a tseren mita 400, har mahaifinsa ya shigo fili ya tallafe shi suka ƙarasa tare.

Abubuwan da ake rikita ta da su

Targaɗe: rauni ne na jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, kamar idon sawu ko gwiwa. Zafin da kumburin a kan gaɓar suke. Yagewar tsoka kuwa a cikin nama take.

Ɗaurewar tsoka: tsokar ce ke murɗewa ta yi tauri da kanta, yawanci bayan gajiya. Takan saki cikin 'yan mintoci idan aka miƙe ta a hankali. Yagewa ba ta saki, miƙewa ma ƙara mata zafi yake yi.

Tsamin jiki: yakan zo kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye mai tsanani ko wanda ba a saba ba. Yakan kama ƙafafu biyu tare, ba shi da wuri guda, kuma yana wucewa cikin 'yan kwanaki.

Bugu: idan gwiwar wani ko takalminsa ya daki cinya, jini kan kwanta a cikin tsokar. Taimakon farkonsa iri ɗaya ne da na yagewa.

Karaya ko tsagewar ƙashi: zafin a kan ƙashi yake, mutum kan kasa taka ƙafar, wani lokaci siffar wurin takan canza.

Matakan yagewar tsoka

Mataki na ɗaya: zaruruwa kaɗan ne suka tsinke. Akwai zafi idan an danna ko an miƙe, amma ƙarfin tsokar bai ragu sosai ba, mutum yana iya tafiya. Yakan ɗauki mako 1 zuwa 3.

Mataki na biyu: wani sashe mai yawa ya yage. Zafin ya fi tsanani, akwai kumburi da ɗingishi, ƙarfi ya ragu a fili. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 8, wani lokaci fiye.

Mataki na uku: tsokar ta tsinke gaba ɗaya, ko jijiyarta ta ɓalle daga ƙashi. Akan ji rami a wurin, ko a ga tsokar ta dunƙule gefe guda. Yakan ɗauki wata 3 zuwa 6, kuma yana iya buƙatar tiyata.

Wannan lissafi kiyasi ne kawai. Yagewar da ta shafi jijiyar tsoka, ko wadda ta faru a sama kusa da ƙashin mazaunai, takan daɗe fiye da yadda zafinta ya nuna a farko.

Abubuwan da ke ƙara haɗari

- Tsohon rauni a wurin. Wannan shi ne babba a cikinsu. Wurin da ya yage yakan warke da tabo, kuma tsokar takan rage ƙarfi idan ba a gina ta ba.
- Shekaru. Haɗarin na ƙaruwa yayin da ɗan wasa ke manyanta, musamman a sharaɓa da bayan cinya.
- Gajiya. An fi samun raunin a ƙarshen kowane rabin lokaci na wasa, da kuma lokacin da wasanni suka yi kusa da juna, kamar gasar unguwanni da ake buga wasa kusan kullum.
- Ƙara nauyin atisaye farat ɗaya, kamar wanda ya yi wata biyu bai taɓa ƙwallo ba ya shiga wasan minti 90.
- Rashin ɗumama jiki, musamman da sassafe a lokacin hunturu.
- Raunin tsokar bayan cinya idan aka kwatanta da ta gaba.
- Fili mai ramuka, santsi ko tsakuwa, da takalmin da bai dace da filin ba.
- Wasu magunguna. Sifrofuloksasin da danginsa, waɗanda ake yawan sha saboda taifot, suna iya raunana jijiyar tsoka, musamman agara. Wanda ke shan su ya ji ciwo a bayan dunduniya ya dakatar da wasa ya ga likita.

Alamomi

- Zafi mai kaifi da ya zo farat ɗaya ana cikin gudu, tsalle ko bugun ƙwallo. Wasu kan ce kamar an jefe su da dutse ko an tsula musu bulala daga baya, har su waiwaya.
- Jin wani abu ya tsinke ko ya yi ƙara a cikin nama.
- Wuri guda da mutum zai iya nunawa da yatsa, wanda ke zafi idan an danna.
- Zafi idan an miƙe tsokar, da kuma idan an sa ta aiki.
- Kumburi da raguwar ƙarfi.
- Kwanciyar jini. A fata mai duhu ba lallai a gan ta sosai ba, sai dai wurin ya ƙara duhu bayan kwana biyu ko uku. Takan gangaro ƙasa da inda raunin yake, misali daga cinya zuwa bayan gwiwa.

Yaushe ya kamata a garzaya asibiti?

A je a ranar, kada a jira, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Mutum ya kasa taka ƙafar ko kaɗan, ko ya kasa motsa gaɓar.
- An ji rami a tsokar, ko ta dunƙule gefe guda.
- Zafi a can sama kusa da mazaunai, mutum ba ya iya zama, kuma jini ya kwanta da yawa a bayan cinya.
- Kumburi mai tauri kamar dutse, zafin na ta ƙaruwa duk da magani, ko ƙafar ta yi sanyi, ta mutu, ko tana zugi kamar ana tsira allura. Wannan na iya nufin jinin da ya taru ya matse hanyoyin jini, kuma yana buƙatar aikin gaggawa.
- Sharaɓa ta kumbura ta yi ɗumi ba tare da mutum ya tuna lokacin da ya ji rauni ba, musamman bayan doguwar tafiya a mota, jinya, tiyata ko haihuwa. Yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. Idan ya haɗa da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, lamari ne na rai da mutuwa.
- Fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi bayan atisaye mai tsanani, tare da ciwon tsokoki. Alama ce ta narkewar tsoka, wadda ke iya lalata ƙoda.
- Zazzaɓi tare da kumburi mai zafi a cikin tsoka. A ƙasashe masu zafi irin namu ana samun ƙurji mai ruwa a can cikin tsoka, wanda sai an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau da yawa kuma sai an fitar da ruwan.
- Mai ciwon sikila ne, ko mai shan maganin tsinka jini.

Haka kuma a ga likita idan an yi mako guda babu wani sauƙi, ko raunin ya sake dawowa a wuri ɗaya.

Yadda likita ke gano ta

Yawanci tambayoyi da duba jiki sun wadatar. Likita zai tambayi yadda abin ya faru, ya lalubi wurin, ya gwada iyakar miƙewar tsokar da ƙarfinta, ya kwatanta da ɗaya ƙafar. Hoton ƙashi ba ya nuna tsoka, ana yin sa ne idan ana zargin karaya ko ɓallewar ɗan guntun ƙashi. Hoton sikanin yana nuna yagewa da taruwar jini, kuma ya fi sauƙin samu da araha. Hoton MRI ya fi bayyana komai, amma yana da tsada, ba kowa ke buƙatarsa ba. An fi neman sa idan ana tunanin tiyata ko ana zargin jijiyar ta ɓalle.

Taimakon farko: kwana uku na farko

Manufar wannan lokaci ita ce a rage zubar jini a cikin tsokar, a kuma hana raunin faɗaɗa.

1. A daina wasa nan take. Ƙarasa minti goman da suka rage na iya mayar da raunin mako biyu ya zama na wata biyu.

2. A huta, amma ba kwanciya kwata-kwata ba. A guji duk motsin da ke kawo zafi. Idan ana ɗingishi sosai a yi amfani da sandar dogarawa na kwana biyu ko uku.

3. A sa ƙanƙara. A naɗe ta a tsumma mai ɗan laima, a ɗora minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 zuwa 3. Ruwan leda da ya daskare ya wadatar. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan fata. Amfaninta shi ne rage zafi, ba ita ke warkar da tsokar ba. Masu sikila kada su sa ƙanƙara, domin sanyi na iya tayar musu da ciwo. Masu ciwon suga da ƙafarsu ba ta jin taɓi sosai su ma su guje ta.

4. A ɗaure da bandeji mai talewa, a fara daga ƙasan raunin a yi sama. Ya kama, amma kada ya matse. Idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka mutu, a sassauta. A kwance shi lokacin barci.

5. A ɗaga ƙafar a kan matashi idan ana kwance, ta fi ƙirji tsawo.

Abubuwan da za a guje wa a waɗannan kwanaki

Gashi da ruwan zafi da shafa man zafi: zafi na buɗe hanyoyin jini, ya ƙara zubar jini da kumburi. Gashi yana da amfani, amma sai bayan kwana uku, idan kumburi ya tsaya.

Tausa mai ƙarfi, murza ko ja: tsokar da ta yage ba gocewa ta yi ba, balle a ja ta ta koma wurinta. Ja da murza na sake tsinka zaruruwan da suka fara haɗewa. A cinyar da jini ya kwanta sosai, murza na iya taimakawa wajen fitowar wani ƙulli mai taurin ƙashi a cikin tsokar, wanda ke ɗaukar watanni kafin ya lafa.

Tsaga ko ƙaho a kan wurin: jinin da ya kwanta a can ciki yake, jiki ne ke tsotse shi da kansa. Yanka fata ba ya fitar da shi, sai dai ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Ɗori da karare: babu ƙashin da ya karye. Ɗauri mai tsanani a kan kumburi na iya tsayar da gudun jini, kuma ana rasa ƙafa ta wannan hanya.

Miƙe tsokar da ƙarfi don a gwada ko ta warke, da gudu, da shan giya.

Magungunan rage zafi

Farasitamol shi ne na farko. Babban mutum mai lafiyar hanta zai iya shan ƙwaya 1 zuwa 2 mai miligiram 500 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24. Na yara ana auna shi ne da nauyinsu.

Ibufurofen da dikulofenak suna rage zafi, amma a sha su na 'yan kwanaki kawai, bayan cin abinci. Kumburin farko wani ɓangare ne na aikin warkewa, shi ya sa likitoci da dama ba sa son a dogara da su. Masu gyambon ciki, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, masu juna biyu da masu shan maganin tsinka jini kada su sha sai da izinin likita, haka ma masu asma da hawan jini. Kada a haɗa biyu daga cikinsu, kuma a guji haɗin ƙwayoyi barkatai da ake ƙullawa a leda.

Shan tiramadol ko yin allurar kashe zafi don a samu a buga wasa kuskure ne babba. Zafi shi ne ke gaya wa mutum iyakarsa. Idan aka rufe masa baki, tsokar na ci gaba da yagewa mutum bai sani ba. Tiramadol na jawo jaraba da farfaɗiya, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun daga watan Janairun 2024.

Gina tsokar bayan rauni

Hutu kaɗai ba ya mayar da tsoka yadda take. Bayan 'yan kwanakin farko, jiki na saƙa sabbin zaruruwa da tabo a wurin, kuma motsi ne ke koya musu jerawa daidai su yi ƙarfi. Wanda ya kwanta mako uku yana jiran zafi ya tafi zai tashi da tsokar da ta rame, ta gajarce. Wannan aiki na likitan fisiyo ne, wanda aka fi sani da likitan gashin ƙashi. Ana samun su a asibitocin koyarwa, manyan asibitocin jiha, da asibitocin ƙashi irin na Dala da ke Kano.

Zango na farko, daga kwana 3 zuwa 5: tafiya a hankali ba ɗingishi, motsa gaɓa iyakar inda babu zafi, da matse tsokar ba tare da motsa ƙafa ba, daƙiƙa 5 zuwa 10, sau da yawa a rana.

Zango na biyu: idan tafiya ta daidaita, a fara tuƙa keke, atisayen ƙarfi da nauyi kaɗan, sannan sassarfa. A nan ake shigo da atisayen da ke sa tsoka aiki tana a miƙe. Wani bincike da Carl Askling ya yi a kan 'yan ƙwallon Suwidin a 2013 ya nuna cewa waɗanda suka yi irin wannan atisaye sun koma wasa cikin kwana 28 a matsakaici, waɗanda suka yi na gargajiya kuma kwana 51.

Zango na uku: ƙara saurin gudu mataki-mataki, daga rabin ƙarfi zuwa cikakke, sai juyi, tsalle, bugun ƙwallo, sannan atisaye tare da ƙungiya.

Ƙa'idar ita ce: ɗan jin jiki kaɗan lokacin atisaye ba laifi ba ne, amma zafi mai kaifi, ko wanda ya ƙaru washegari, na nufin an yi gaggawa. Sai a koma matakin baya na kwana biyu.

Yaushe za a koma wasa?

Ba ranar da zafi ya tafi ba, kuma ba ranar da aka sa wasan ƙarshe ba. Sai an cika waɗannan sharuɗɗa:

- Babu zafi idan an danna wurin da ƙarfi.
- Tsokar na miƙewa daidai da ta ɗaya ƙafar.
- Ƙarfinta ya yi daidai, ko ya kusa daidai, da na ɗaya ƙafar.
- An yi gudu da iyakar ƙarfi sau da dama, a ranaku daban-daban, babu zafi a lokacin ko washegari.
- An yi cikakken atisaye da ƙungiya aƙalla sau biyu ko uku.
- Ɗan wasan ba ya jin tsoron ƙafar.

An fi samun maimaituwar rauni a makonnin farko bayan komawa fili. Don haka a fara da mintoci kaɗan, a riƙa ƙarawa, a kuma ci gaba da atisayen ƙarfi ko bayan an koma. A wannan rauni, sauri ne ke haifar da nawa.

Tiyata

Kaɗan ne ke buƙatarta: wanda jijiyar tsokokin bayan cinyarsa ta ɓalle daga ƙashin mazaunai ta ja baya, ko jijiyar gaban cinya, ta ƙirji ko ta damtse ta tsinke. Aikin ya fi sauƙi da kyawun sakamako idan an yi shi a makonnin farko, kafin tsokar ta ja baya ta manne. Wannan ne dalilin da ya sa ba a son a ɓata wata guda a gida ana gwaje-gwaje idan an ga alamun mataki na uku.

Yara da matasa

A yaron da bai gama girma ba, wurin da jijiya ke manne da ƙashi bai gama ƙwari ba. Abin da zai yage tsokar babba, a wurin ɗan shekara 13 zuwa 17 yana iya ɓalle ɗan guntun ƙashi a ƙugu ko mazaunai. Duk matashin da ya ji zafi farat ɗaya a ƙugu, matsematsi ko mazaunai yana gudu ko bugun ƙwallo, ya kama ɗingishi, yana buƙatar hoton ƙashi. Haka kuma yaron da ke ɗingishi da ciwon cinya ko gwiwa na makonni ba tare da wani rauni bayyananne ba, a kai shi a duba masa ƙugu. Kada a ce tsoka ce kawai.

Rigakafi

Ɗumama jiki. A ɗauki minti 15 zuwa 20 kafin kowane wasa ko atisaye: sassarfa, ɗaga gwiwa, gudun gefe, tsalle-tsalle, sannan gajeren gudu da ake ƙara wa sauri a hankali. Tsayawa wuri guda ana miƙe ƙafa kaɗai bai isa ba. Tsarin FIFA 11+, wanda aka fitar a 2006, yana ɗaukar kusan minti 20 kuma ba ya buƙatar wasu kayan aiki na musamman. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi shi.

Atisayen Nodik, don bayan cinya. Mutum ya durƙusa a kan abu mai laushi, abokinsa ya danne masa idon sawu ta baya. Ya miƙe jikinsa sambal daga gwiwa zuwa kai, ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali yana riƙe kansa da tsokokin bayan cinya, har sai ya kasa, sannan ya tare ƙasa da tafin hannu. A fara da sau 5, a huta, a sake sau 5, sau ɗaya a mako, a riƙa ƙarawa cikin mako goma. Da farko yana sa tsamin jiki, wannan ba matsala ba ce. A wani gwaji da aka yi a Denmak a kan 'yan ƙwallo 942, an sami raunin bayan cinya 15 a cikin waɗanda suka yi shi, 52 a cikin waɗanda ba su yi ba. Nazarin da ya haɗa bincike daban-daban a 2019 ya nuna yana rage wannan rauni da kusan rabi. Mai sabon rauni kada ya fara shi sai likitan fisiyo ya ba da izini.

Ƙarfafa matsematsi. Ko matse ƙwallo tsakanin gwiwoyi ana kwance yana taimakawa a matsayin mafari, kafin a kai ga atisaye masu nauyi.

Ƙara atisaye sannu a hankali. Bayan hutu, jinya ko tafiya, a ba jiki makonni kafin a shiga cikakken wasa. Wanda wasansa ke buƙatar gudu ya riƙa yin gudu mai sauri a atisaye kowane mako, kada ranar wasa ta zama ranar farko da tsokar za ta gamu da shi.

Hutu, barci da abinci. A bar rana ɗaya ko biyu tsakanin wasanni masu zafi. A sami barcin awa 7 zuwa 9. A ci abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi, nama, nono, gyaɗa da awara, a kuma sha isasshen ruwa, musamman lokacin bazara.

Sauraron jiki. Idan tsoka ta fara ɗaurewa ko ja a wuri guda ana cikin wasa, a nemi canji.

Ga iyaye, iyali da masu horarwa

Ɗan wasa yakan ɓoye ciwonsa don kada ya rasa gurbinsa, ko don kada a ce ya cika raki. Mai horarwa ne ya kamata ya cire shi da zarar ya ga ya dafe cinya ko yana ɗingishi, ya kuma tabbatar masa cewa gurbinsa na nan. A gida, a taimaka masa da ƙanƙara da ɗaga ƙafa, a hana masu son gwada ja da murza, a lura da alamun haɗarin da aka lissafa a sama. Idan ya ce ya warke bayan kwana biyar, a tambaye shi ko ya cika sharuɗɗan komawa wasa, ba ko yana jin zafi kawai ba.

A taƙaice

- Yagewar tsoka na zuwa farat ɗaya, a wuri guda, an fi samun ta a cinya, matsematsi da sharaɓa.
- Kwana ukun farko: daina wasa, ƙanƙara, bandeji, ɗaga ƙafa. Ban da gashi, murza, ja, tsaga da ɗori.
- Bayan haka, motsi da atisaye mataki-mataki ne ke warkar da ita, ba kwanciya ba.
- Tafiyar zafi ba ita ce warkewa ba. A koma wasa idan ƙarfi da miƙewa sun dawo daidai da ɗaya ƙafar.
- Ɗumama jiki da atisayen Nodik na rage haɗarin sosai, kuma ba sa cin ko sisi.
- Kasa taka ƙafa, rami a tsoka, kumburi mai tauri, zazzaɓi, baƙin fitsari ko sarƙewar numfashi na buƙatar asibiti a ranar.